Adar, ƙasar 'yan bida: me dunƙulewar duniya ta canza mana?

Da zarar an gama ɗaurin hatsi an zuba a rumbu, wajen watan Nuwamba, tashoshin manyan motoci na garin Tawa, a ƙasar Adar ta Nijar, sukan cika tun kafin kiran assalatu. Samari ne galibi, daga ƙauyukan Illela da Kaita da Buza da Bagaruwa, kowa da 'yar jakarsa da bargo da ƙullin gari. Wasu Abijan suka nufa, wasu Legas ko Kwatano, wasu kuma arewa: Agadas, daga can Sabha ko Tamanrasat. Idan ka shiga ƙauye ka tambayi uwar ɗaya daga cikinsu ina ɗanta, amsa gajera za ta ba ka: "Ya tahi bida." Yadda za ta ce ya tafi gona ko ya tafi kasuwa, haka take faɗar wannan.

Shi ya sa duk lokacin da na ji masana suna bayanin yadda dunƙulewar duniya da ƙaura suke rusa al'ummomin asali, sai in ga rigar ba ta zauna mana daidai ba. Hoton da ke kansu shi ne na mutanen da suka shekara aru-aru cikin dajinsu, kamar na Amazon, ba su san kowa ba, kwatsam baƙo ya faɗo musu da katafila. Mu a nan hanya gādonmu ce. Tun kafin Bature ya tako, ayarin raƙuma ke saukowa da gishirin Bilma su koma da hatsi, fatake ke zuwa Gwanja neman goro, ita kanta sarautar Adar da ke Illela tushenta daga gidan Sarkin Agadas yake. Ƙasar da ke tsakanin Agadas da Sakkwato ba ta taɓa zama a rufe ba.

Su wa ake nufi da 'yan asali tukuna? A ranar 13 ga Satumban 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin al'ummomin asali. Ƙasashe 4 suka ƙi, Amurka da Kanada da Ostareliya da Niyuzilan, 11 suka ƙaurace har da Najeriya, Nijar kuwa ta ce ta yarda. Amma a Afirka maganar tana da ƙaya, don kowa zai ce ai shi ma ɗan asali ne, daga ina ya zo? Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta warware wannan a wani rahoto da ta amince da shi a 2003: ba wanda ya riga wani zuwa ake dubawa ba. Ana duba mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan daji da makiyaya da ruwa, waɗanda tsarin gwamnati da na kasuwa ya tura gefe. Da wannan ma'auni, a Nijar akan ambaci Abzinawa da Fulani makiyaya da Tubawa. Ni zan ƙara da manoman tudun Adar, har da Aznan da suka rage, masu bin addinin gargajiya, irin na Masalata kusa da Ƙonni masu yin arwa kowace shekara don duba abin da damina za ta zo da shi. Guguwar da ta taɓa makiyayi ba ta tsallake manomi ba, ƙarfin bugun ne ya bambanta.

Bida irin ta neman kuɗi kuwa da Nasara ta fara. Faransa ta ɗora haraji a kan kowane kai, kuma da kuɗinta take so a biya, ga aikin dole wanda sai a 1946 aka soke shi. Wanda ba shi da kuɗin sai ya tsallaka ƙasar Ingilishi, ko dai ya nemo su ko ya tsira daga kwamanda. Daga Kano da Sakkwato aka miƙa har Kumasi da Akara, daga baya Abijan. Tsarin da aka gada yana da kyau a yadda yake: a tafi bayan kaka, a rage bakin da ke cin rumbu, a dawo kafin ruwan shuka da turmin atamfa da kuɗin haraji da labarin kurmi. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Tafiyar da dawowar tare suke, kamar ɗan jumma da ɗan jummai, kuma dawowar ce take riƙe da gari.

Abin da ya canza, a ganina, shi ne wanda ke riƙe da makullin hanya, da kuma abin da mutum ke tararwa in ya dawo.

Ɗauki maganar makulli. A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya. Yunwar 1984 har yau tsofaffi El Buhari suke ce mata, don ta zo daidai lokacin da aka rufe iyakar Najeriya, wato ƙofar da talaka ya saba bi in fari ya matsa. A Janairun 1994 aka kwana aka tashi an raba darajar sefa gida biyu. A 2002 yaƙi ya ɓarke a Kwaddibuwa, ya sake tashi bayan zaɓen 2010. A 2011 jiragen NATO suka yi luguden wuta a Libiya, gwamnatin Gaddafi ta faɗi, dubun-dubatar 'yan Nijar suka dawo hannu rabbana, da yawansu 'yan jihar Tawa. A ƙauyuka da dama masu aikowa suka koma masu jiran a ba su, kuma daminar wannan shekara ba ta yi kyau ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da aka yanke a Tawa, babu wadda aka tambayi mutumin Tamaske ra'ayinsa a kai, amma a tukunyarsa aka ga sakamakon.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure. Turai ce ta ga kwale-kwale sun yi mata yawa a Bahar Rum, aka yi taro a Baleta ta tsibirin Malta a Nuwamban wannan shekara, aka zuba kuɗi, daga 2016 aka fara kama direbobi da motoci a Agadas. Mutanen da iyayensu da kakanninsu suka ci abinci da sanin hamada, suka yi jagoran ayari, suka yi jagoran 'yan yawon buɗe ido, a dare ɗaya sana'arsu ta zama laifi. Tafiyar ba ta tsaya ba. Kuɗin mota ya hau, direbobi suka bar hanyoyin da ke da rijiyoyi suka koma bin ɓarauniyar hanya, inda in mota ta lalace sai dai addu'a. Abin takaicin shi ne yawancin 'yan Adar da ke bin wannan hanya ba Turai suka nufa ba, aikin gini da lambu da gadi ne ke kai su Libiya su dawo. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023. Ta ɓangaren Aljeriya kuma har yanzu ana kwaso mutane a zube su a bakin iyaka, wasu su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su isa Asamaka. Yanzu ga Nijar ta fice daga CEDEAO tun 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan bida damar shiga Abijan ba biza. Zuwa yanzu an ce a ci gaba da zirga-zirga yadda aka saba, amma haƙƙin da ke rubuce cikin yarjejeniya daban yake da alfarma.

Sai abin da ake tararwa a gida.

Kwanaki na tsaya a layi a wata 'yar rumfar karɓar kuɗi kusa da babbar kasuwar Tawa. Gabana wata tsohuwa ce, ta kwance bakin zanenta ta fito da salula a naɗe cikin leda. Yaron da ke bayan kanta ya ce, "Inna, ina lambar da aka turo miki?" Ta miƙa masa wayar ta ce, "Ɗana, kai ka duba, ni ido ya tahi." Ya ƙirga mata jikka 30. Nan ta koma gefe ta durƙusa, ta kasa kuɗin kashi huɗu a kan cinyarta, tana magana ita kaɗai: wannan na hatsi, wannan na maganin jikanta, wannan na bikin gidan maƙwabta, wannan kuma a ajiye wa 'yan ƙwadago in damina ta faɗi.

Kashin nan na huɗu ya tsaya mini a rai. Ma'anarsa ɗan nata ba zai dawo noma ba bana, kuɗinsa ne zai zo a madadinsa. Wanda ya kashe abin da ya kashe kafin ya isa Tarabulus ba zai juyo bayan wata shida ba, sai ya yi shekara biyu ko uku, wani ma biyar. Ci-rani ya tashi daga na rani ya haɗa da damina. Gandu, inda uba da 'ya'yansa ke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, ya ginu ne a kan hannun samari da ikon uba na raba abin da aka samu. Yau yaro ɗan shekara ashirin ne ke ciyar da gida daga nesa, kuma shi ke zaɓen wanda zai tura wa: uwarsa, ko matarsa kai-tsaye, ba lallai ta hannun maigida ba. Ana gaishe da tsoho yadda aka saba, ana durƙusa masa, amma shawara ta koma cikin waya. Gayya ma ta ja baya, don wa za ka gayyato a garin da daga tsofaffi sai yara?

Nauyin ya faɗa kan mata, kuma wannan ba yau ya fara ba. Lokacin da aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a kan tsaunuka, suka dasa itatuwa, ana biyansu da abinci. Mazan suna kurmi. Duk wanda ya ga koren da ke kwarin Kaita yau, aikin hannun matan 'yan bida yake kallo. Sai dai mace tana noma gonar da ba tata ba, tana riƙon gidan da ba ita ke da ta cewa a kansa ba. Akwai amaren da aka kai ɗaki, ango ya yi wata guda ya tafi, sai dai ya ga ɗansa a hoto. Akwai kuma waɗanda aike ya yanke musu, ba saki ba, ba labari.

Kuɗin bida ya yi abin kirki da yawa, wannan ba a musu. Ya raba gidaje da yunwa a shekarun da gona ba ta ba da komai ba, ya gina masallatai da azuzuwan lakwal, ya haƙa rijiyoyi, kuma manyan attajiran Tawa da dama da tallan kaya a ka suka fara a titunan Abijan. Amma shi ne kuma ya tsaga gari biyu: gidan da ke da ɗa a waje da gidan da ba shi da. Na farko ke sayen gonar na biyu in wahala ta kai maƙura, musamman fadamar da ake albasa. Kuɗin aure da kayan lefe suna bin aljihun wanda ya dawo daga Libiya, sai wanda ya zauna ya ga in bai tafi ba ba zai yi aure ba. Haka ƙaura ke haifar da ƙaura. Shi kansa kuɗin ba shi da tabbas. Tun da aka saki naira a 2023 ta faɗi warwas, mai turin baro a Legas yana aikin da ya saba, amma abin da ke isa hannun uwarsa in an canza zuwa sefa ya zabge ƙwarai.

Idan ka wuce Tabalak ka nufi Abalak da Cintabaradan, labarin ya fi nauyi. Dokar 1961 ta shata layi ta ce arewa da shi ƙasar kiwo ce, ba a noma. Layin yana nan a takarda, gonaki kuwa sun daɗe da tsallake shi, don jama'a ta ƙaru, ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 a jihar Tawa kaɗai, ƙasar kudu kuma ta gaji. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe dabbobi ba adadi. Waɗanda suka rage aka sayar da su a wulaƙance, masu kuɗin birni suka saye. Daga nan aka fara ganin abin da kakanni ba su sani ba: Bafulatani yana kiwon shanun da ba nasa ba, a kan lada. Aka fara haƙa rijiyoyi na mutum ɗaya da ake sayar da ruwansu, aka fara kewaye makiyaya da waya. A daji mai rijiya shi ke da ciyawar da ke kewaye da ita, ko da doka ba ta ce haka ba. An yi dokar makiyaya a 2010 wadda ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne, amma tsakanin takardar Yamai da bakin rijiya akwai tafiya.

Wanda ya rasa garke ina zai nufa? Samarin Abzinawa suka kwarara Aljeriya da Libiya, har aka laƙaba musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aikin yi. Sun dawo da jita da sabon salon waƙa wanda yau ake sauraro har Amurka, sun kuma dawo da fushi. Kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a Cintabaradan a watan Mayun 1990 shi ya share fagen tawayen da sai a ranar 24 ga Afrilun 1995 aka sa hannu kan sulhunsa. Bororo kuwa maza suka zama masu gadi a Yamai da Kano, mata suna yawo da maganin gargajiya da kitso har Abijan. Duniya ta san fuskarsu sarai, hotunan gerewol sun cika mujallun Turai, kuma an yi zamanin da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa kallo su sayi awarwaro da zobe. Da tsaro ya taɓarɓare wannan kasuwa ta mutu. Makaman da suka fantsama bayan rushewar Libiya da rikicin Mali sun iso har gida: a ranar 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya. Mai gudun irin wannan ba ɗan bida ba ne, ba ya lissafin ranar dawowa.

Ko nonon da ya rage wa makiyayi yana da kishiya. Tun da Tarayyar Turai ta cire wa manomanta ƙa'idar yawan madara a 2015, garin madara mai arha ya ƙara malalowa Afirka ta Yamma, wani ma an cire masa mansa an maye da man ja. Shiga kowane shago a Tawa za ka same shi a ƙananan leda. A ƙasar da shanu suka yi yawa haka, mai shayi da madarar gari yake haɗa maka.

A nan sai na ɗan ja birki, don kada a ɗauka duk abin da ya rushe abin kuka ne. Ga wanda aka haifa da tambarin bauta a Adar ko Azawak, hanyar Abijan ita ce hanyar 'yanci. A can babu wanda ya san kakansa, ya yi aiki ya riƙe ladansa, ya dawo ya sayi gona ya yi aure ba da izinin ubangida ba. Sai a 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka. Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a yankin Ƙonni, a kotun CEDEAO ta samu gaskiya a 2008. Masu kukan "al'adarmu ta lalace" ya kamata a riƙa tambayarsu wace al'adar, kuma wa take yi wa daɗi.

Haka kuma ba kullum ake kayar da mu ba. Albasar Galmi, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa Akara da Abijan, iri ne da manoman kwarin Maggiya da kewaye suka tace shekara da shekaru. Wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman a rubuta masa ita da sunansa a hukumar mallakar fasaha ta Afirka, OAPI. Manoma da ƙungiyoyi suka yi ca, gwamnati ta sa baki, maganar ta faɗi, daga baya aka yi wa albasar rajista da sunan ƙasar da ta fito. An ci wannan ne don akwai ƙungiya, akwai masu karanta takarda, akwai kuma kuɗi a cikin albasa. Makiyayin da aka kewaye wa fili ba shi da ko ɗaya cikin ukun.

Saura harshe, kuma a nan mu Hausawa ba mu da bakin kuka sosai. Gaskiya ne 'ya'yan Adarawa da aka haifa a Abijan sukan zo hutu da Julanci da Faransanci a baki, kaka tana magana suna kallonta. Amma waya ta rage wannan rami: kusan kowane ƙauye yana da zaurensa a WhatsApp, ana tura murya da zallar Adaranci daga Tarabulus zuwa Kumasi, ana sanar da suna da rasuwa, ana haɗa kuɗin gyaran famfo. Hausa ba ta cikin haɗari. A Maris na 2025 ma sabon kundin da gwamnati ta fitar ya ɗaga ta ya ce ita ce harshen ƙasa. Ga ɗan Bororo ko Buzun da ya sauko gari neman abinci, harshen da ke cinye nasa ba Turanci ba ne, namu ne. Da Hausa zai yi ciniki, da ita zai ji wa'azi, da ita zai kalli fim a waya, 'ya'yansa kuma da ita za su yi wasa a layi.

Zaman kashin dankali ne, babba a kan ƙarami, kuma akwai na can ƙasa. A yankin Abalak akwai Igdalan masu harshen Tagdal, wanda gininsa na Sanwai ne, dangin Zabarmanci, amma ya cika da kalmomin Abzinanci. A wajen Akubunu kuma akwai mutanen Ayttawari masu wani harshe da ake kira Tetserret. Masana harshe sun gano cewa ɗan'uwansa na kusa ba Tamajak ɗin maƙwabtansu ba ne, Zenaga ne na can Muritaniya, alamar wata tsohuwar ƙaura da ba a rubuta ba. Masu jin sa ba su wuce 'yan dubbai ba, galibinsu manya ne. Yaransu Tamajak suke yi a gida, in sun shigo kasuwar Abalak su juya Hausa, wanda ya yi lakwal ya ƙara da Faransanci, wanda ya je Sabha ya dawo da Larabci.